Kano: Garin da Ke Nutsewa a Agusta, Ya Kwana da Ƙishi a Afrilu

A ƙarshen watan Agustan 2022 ruwan sama ya shiga Kantin Kwari, kasuwar da ake zuwa sarin atamfa da shadda da leshi tun daga Nijar da Chadi da Kamaru. Ya cika layuka, ya kutsa shaguna da wuraren ajiya, aka wayi gari ana shanya dilolin kaya a rana. 'Yan kasuwar ba su ɗora laifin a kan hadari ba. Ƙasa suka nuna da yatsa, inda aka dasa shaguna a kan hanyoyin da ruwa ya saba bi. Kafin wata takwas su cika, a cikin garin nan dai, magidanci a Ɗorayi ko Kurna ko Tudun Murtala yana tsaye a ƙofar gida da sassafe yana jiran ɗan garuwa, jarka kuwa ta ƙara kuɗi saboda rijiyoyi sun ja baya.

Mun saba ɗaukar waɗannan a matsayin matsaloli biyu, kowacce da lokacinta, kowacce da hukumarta. A ganina ciwo ɗaya ne. Ruwan da ya kamata ya zauna ya nutse cikin ƙasa a damina shi ne yake bin titi yana rusa katanga, kuma rashinsa ne ake ji a rijiya da bazara. Garin ya girma ta hanyar cinye wuraren da suke yi masa wannan aiki kyauta, bai kuma gina abin da zai maye gurbinsu ba.

Girman kansa ba ƙarami ba ne. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin dubu talatin, ban da fatake. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, Fagge da Sabon Gari da Nasarawa suka cika a wajen ganuwa, amma har farkon shekarun 1950 mutanen garin ba su wuce kimanin 130,000 ba. Ƙidayar 2006 ta samu kusan mutum miliyan uku a ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni da kewaye, wato Birni da Dala da Gwale da Fagge da Nasarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na yanzu ya haura miliyan huɗu. Haihuwa ta kawo wasu, kasuwa ta jawo wasu, farin shekarun 1970 da 1980 ya koro wasu daga karkara, rikicin arewa maso gabas da na 'yan bindiga ya ƙara turo wasu. Dattijon da aka haifa a Kanon 1950 ya ga garinsa ya ninka fiye da sau talatin yana raye.

Yawan mutane kaɗai ba ya bayyana ambaliya. Sai an duba yadda tsohon garin yake sarrafa ruwansa da shararsa, sannan a gane abin da ya karye.

Gidajen cikin birni na ƙasa ne, ƙasar kuwa a nan kusa ake haƙo ta. Duk unguwar da ta yi gini ta bar rami, ramin ya zama kududdufi. Ita kanta badala da ƙasar gefenta aka ɗaga ta, shi ya sa ramuka suka bi ta a jere, irin waɗanda ake gani ta wajen Hauren Shanu da Hauren Wanki. Ba wanda ya zauna ya zana waɗannan kududdufai a matsayin tsarin magudanar ruwa, amma aikin da suka yi ke nan. Idan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwatar kowane gida ta zuba a lungu, lungu ya gangara kududdufi, kududdufi ya riƙe. Wanda ya cika ya tumbatsa zuwa na gaba, har a kai Jakara, fadamar da ta ratsa tsakiyar birni ta gefen Kasuwar Kurmi. Ruwan da aka riƙe ɗin nan ba zaman banza yake yi ba. A hankali yake tsatsafowa cikin ƙasa, watanni bayan ɗaukewar damina, yana ciyar da rijiyoyin cikin gidaje.

Shara ma tana da hanyarta. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da Kano tun shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna ke shigowa birni da itace da amfanin gona, su fita da mangala cike da taki: toka, kashin dabbobi, sharar tsakar gida. Gonakin kewayen birni ana noma su shekara da shekaru ba a bar su sun huta ba, kuma ba su mutu ba, saboda birnin yana mayar musu da abin da ya ci. Juji a lokacin dukiya ne, manomi har biya yake yi ya kwashe.

Ba ina cewa zamanin nan aljanna ba ne. Kududdufi matattarar sauro ne, yaran da ke wanka a ciki suna kamuwa da tsargiya, kuma ba damina da za ta wuce ba a ji yaro ya nutse ba. Da unguwanni suka cika, kwatar masai ta fara zuba a ciki, ya koma wari da cuta. Mai unguwar da ya nemi a cike kududdufin unguwarsu yana da hujja. Kuskuren shi ne an dubi illarsa, ba a lissafa aikinsa ba. Aka cike shi da shara, aka daddaɓe, aka yanka filoti, aka gina shaguna da gidaje, sannan ruwan da yake ɗauka aka bar shi ya nemi inda zai je.

Yana da kyau a san yawan ruwan da ake magana a kai. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Filoti mai ƙafa 50 a tsaye da 50 a kwance yana da murabba'in mita kusan 230. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a dare ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a watan Agusta, lita sama da 11,000 ce ta sauka a wannan ɗan fili, wato jarka sama da 450, kusan kura arba'in ta ɗan garuwa. Lokacin da filin yake gona, ƙasa na shanye kaso mai yawa, ciyawa da kunya suna rage wa sauran gudu. Yau an rufe shi da kwano, tsakar gida an yi mata siminti ko tayil, ƙofar gida an shimfiɗa intalok. Kusan dukkan ruwan nan cikin mintuna yake fitowa lungu. A ninka wannan da gidaje dubu ɗari, sannan a tambayi wace kwata ce za ta ɗauka. Wanda ya taɓa maƙalewa a shataletalen Baban Gwari bayan ruwan la'asar ya san amsar.

Nan ne maganar fili ta shigo, kuma a nan nake ganin tushen lamarin yake. Kano ba ta rasa tsari a takarda ba. Tun 1963 aka yi mata taswirar bunƙasa ta shekara ashirin, wadda ake kira da sunan mai tsara ta, Trevallion. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna. Akwai hukumar tsara birane ta KNUPDA. Amma mafi yawan unguwannin da suka tashi cikin shekaru arba'in ɗin nan ba daga teburin mai zane suka fito ba, daga awon igiya suka fito. Mai gona ya ga gari ya iso shi, magada suna son a raba, dillali ya zo da igiya da turaku, aka yanka gona gida-gida. Kowace ƙafa kuɗi ce, don haka lungu ya tsuke, ba a bar filin makaranta ba, ba a bar na maƙabarta ba, balle hanyar ruwa. Kwarin da ke tsakiyar gonar, wanda kowane manomi a wurin ya san nan ruwa ke bi, shi ma an auna shi, sai dai a rage masa farashi. Mai ƙaramin ƙarfi ne ke sayensa.

Ban ga laifin wannan mai sayen ba. Mutum ne da haya ta ishe shi, filotin gwamnati kuwa ba ya isa gare shi, ko don tsada ko don rashin hanya. Yana son ya rufa wa iyalinsa asiri. Amma sakamakon shi ne an juya tsarin gina gari. Inda aka yi abin daidai, hanya da magudana da bututu su ne ke fara zuwa, gida ya biyo baya. A Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa da Sheka da Rimin Kebe da ire-irensu, gida ne ya fara zuwa, sauran kuma ana ta roƙon ɗan majalisa. Hausawa suka ce tun ran gini ran zane. Magudanar da za a haƙa da arha a gona, idan an riga an gina, sai an rushe gidaje an biya diyya kafin a same ta, shi ya sa galibi ba a yi.

Gwamnati ma, idan ɓera da sata, daddawa da wari. Filayen da aka ware tun farko don shan iska, da gefen makarantu, da jikin badala, da bakin magudanai, ba dillalin ƙauye ne ya yanka su ba. Da takardar hukuma aka gina da yawansu. A watan Yunin 2023 sabuwar gwamnatin jiha ta shiga rusau, ta rushe gine-gine a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula da wasu wurare, maganar ta kai kotu, aka yi ta shari'ar diyya. Ko mutum ya goyi bayan rusau ko ya ƙi, abin da ya fito fili shi ne gwamnati ɗaya tana ba da izini, wata ta zo ta rushe, asarar kuma ta faɗa kan wanda ya sayi shago da guminsa. Muddin makomar fili tana canzawa da canjin gwamna, ba wanda zai ɗauki taswira da muhimmanci.

Idan kuma aka tashi yin magani, sai a nufi siminti. Jakara an ɗaure ta da kankare, aka tsara shimfiɗa titi a kanta a aikin Wuju-Wuju da aka fara a mulkin Kwankwaso na biyu, aikin da ya daɗe yana tafiyar hawainiya. Mazauna bakin Jakara sun san warin da suka sha, ba mai ce musu ba a kyauta ba. Sai dai magudanar kankare gudu take ƙara wa ruwa, ba ta rage yawansa. Abin da ta kwashe daga wata unguwa, wata za ta kai wa da ƙarfi. A gefen gari, inda kwalta da kwalbati suka ƙare, ruwan nan yana faɗawa ƙasa mai yashi ya yi ta ci. Zaizayar da ta haƙa rami mai zurfi a Bulbula da Gayawa, har ta ci gidaje ta raba unguwanni, irin wannan ruwa ne da aka tattaro daga sama aka sake shi ba tare da an tanadar masa masauki ba.

Yanzu a juya ga bazara. Kano ba a kan tafkin ƙarƙashin ƙasa take zaune ba. Mafi yawan garin a kan tsohon dutse yake, irin wanda ya leƙo a Dala da Goron Dutse. Ruwan ƙasa yana maƙale ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da cikin tsagoginsa, kuma ruwan saman kowace shekara ne ke sake cika shi. Ajiya ce ƙarama. A da rijiyar guga ce ke ɗiba, gwargwadon ƙarfin hannu. Yau duk mai hali ya haƙa burtsatse ya sa inji, ga masu sayar wa 'yan garuwa, ga masu ɗura ruwan leda. Ana zuƙa da inji ta ƙasa, an kuma toshe mashigar ta sama. Rijiyar maƙwabci mara hali ita ce ke fara ƙafewa, sai ya koma sayen ruwan da aka zuƙe daga ƙarƙashin gidansa.

Abin takaicin shi ne jihar ba ta rasa ruwa ba. Madatsar Tiga da aka gama a 1974, cikin ayyukan zamanin Audu Bako, an gina ta don ta riƙe ruwa kusan lita tiriliyan biyu, ga kuma madatsar Challawa da aka gama a 1992. Akwai matatun ruwa a Challawa da Tamburawa da Watari. Amma matata sai da wuta da injina masu lafiya, bututu kuwa yawancinsa tsohon gari da unguwannin da aka tsara ya sani. Unguwar awon igiya ba ta cikin lissafinsa. Talakan da ke sayen jarka yana biyan kuɗin lita fiye da wanda famfo ke zuwa gidansa.

Ga kuma abin da ba a son faɗa. Garin mutum miliyan huɗu ba shi da babbar hanyar kwashe bahaya ta ƙarƙashin ƙasa da ta game unguwanni. Kowane gida da masansa ko sokawe. A filotin da aka raba biyu, tazarar da ke tsakanin masai da rijiya ba ta wuce 'yan taku, wani lokaci masan maƙwabci ne ke jingine da rijiyarka ta bayan katanga. Idan ƙasa ta jiƙe a damina, ko ambaliya ta cika ramuka, abin da ke cikin wannan yana isa wancan. A 2021 an samu sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, Kano kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Amai da gudawa da taifot da ake fama da su duk damina ba daga iska suke zuwa ba.

Shara ita ce ta ɗaure duk waɗannan wuri guda. Tsohuwar hanyar taki ta raunana ta fuska biyu. Gonakin da ke kusa sun zama gidaje, nisa ya ƙaru. Sharar kanta kuma ta canza: leda, robar lemo, ledar fiya wata, kunzugun jarirai na zamani, batir. Manomin da ya karɓi irin wannan juji sai ya tsince kafin ya watsa, duk da haka gonarsa tana cika da leda. 'Yan jari bola suna kwashe ƙarfe da roba mai kauri saboda suna da kasuwa, kuma aikin da suke yi wa garin ya fi ƙimar da ake ba su. Leda mara nauyi ba mai saye, ita ce ke tafiya kwata. Hukumar kwashe shara ta REMASAB tana kwasa, ana kuma tsaftar ƙarshen wata, amma motar shara ba ta shiga lungun da ko a-daidaita-sahu da ƙyar yake wucewa. Sai a ba almajiri ya kai bola, bolar kuwa sau da yawa bakin magudana ce ko ragowar kududdufi. Wasu ma jira suke hadari ya haɗo su juye a kwata, ruwa ya tafi da ita. Ba ta zuwa ko'ina, a kwalbatin farko take tsayawa. Samari su fito aikin gayya su yashe, su tara a bakin hanya, ba motar da ta zo, ruwa na gaba ya mayar.

Masana'antu sun ƙara nasu. Ruwan da ke fita daga Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, su tafi madatsar Wasai a Minjibir. Na Sharaɗa da Challawa, inda kamfanonin jima suke, yana gangarawa rafin Salanta da kogin Challawa. Jimar zamani tana amfani da sinadarin kuromiyam, kuma binciken jami'o'i ya sha samun sa tare da dalma a ruwan nan da ƙasar bakinsa. A bakin waɗannan rafuka ne masu lambu ke noman latas da kabeji da alayyafo da karas duk rani, saboda shi ne ruwan da ba ya yankewa. Kayan lambun cikin gari suke dawowa. Korar manoman ba magani ba ne, sana'arsu ke nan, kuma garin yana buƙatar abin da suke nomawa. A bakin bututun kamfani ya kamata a tare dattin, kafin ya shiga rafi.

Zafi ma ya shiga lissafi. Maɗaci da darbejiya da aka sare don faɗaɗa titi, da rimi da ɗorawa da gawo da suka tafi tare da gonaki, an maye su da kwano da kwalta masu riƙe zafin rana su sake shi da dare. A watan Afrilu, lokacin da awo ke haura digiri 40, ɗakin bulo mai rufin kwano a lungun da iska ba ta ratsawa wuri ne mai haɗari ga tsoho da jariri.

Sau da yawa idan an yi ambaliya, jami'ai sukan ce sauyin yanayi ne. Akwai gaskiya a ciki. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna cewa manyan hadurra masu zubar da ruwa da ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Yamai ta gani a 2020 da kogin Kwara ya ƙetare shingayensa, Maiduguri ta gani a watan Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, Kano ma ba ta manta ɓallewar Bagauda a 1988 ba. Amma wannan hujja ce ta a ƙara barin wa ruwa wuri. Sauyin yanayi bai sa hannu a takardar filin da ke kan magudana ba.

Akwai garuruwan da suka gane darajar irin wuraren da muke cikewa. A gabashin Kalkata ta Indiya akwai fadamu da tafkuna masu faɗin hekta kusan 12,500, inda ruwan dattin birnin ke bi ta tafkunan kiwon kifi, rana da tsirrai su tace shi, a yi noma da ragowar. An sa wurin cikin jerin dausayoyin duniya masu kariya a 2002, kuma har yau ana kokawa da masu son cike shi su yi gini. Kududdufan da suka rage a Kano za a iya yi musu irin wannan kallo: a ƙirga su, a sa su a taswira da doka, a yashe, a katange saboda yara, a hana kwatar masai shiga, a dasa itatuwa a kewaye. Kuɗin wannan bai kai na gadar sama ɗaya ba. Haka nan sharaɗin izinin gini zai iya haɗawa da barin wani yanki na tsakar gida ba siminti, ko ramin da ruwan indararo zai nutse a ciki, nesa da masai.

Amma aikin da ya fi gaggawa ba a cikin birni yake ba. Yana can inda igiya take a yau: gonakin Ungogo da Kumbotso da suka rage, da na Dawakin Kudu da Gezawa da Tofa da Dawakin Tofa, waɗanda nan da shekara goma sha biyar za su zama unguwanni, ko an so ko ba a so. Hukuma ba ta da kuɗin shimfiɗa musu titi da bututu yanzu, kuma hana sayar da gona ba zai yiwu ba. Abin da za ta iya shi ne ta riga dillali isa, ta kafa turakun manyan hanyoyi, ta bi kowane kwari da fadama ta shata su a matsayin hanyar ruwa, ta biya masu gonar diyya tun ƙasar tana da arha. Dagatai da masu unguwanni su ne ke shaida cinikin fili, kuma su suka fi kowa sanin inda ruwa ke kwanciya a ƙasarsu. Idan aka ba su taswirar a hannu, aka kuma sa doka cewa duk takardar cinikin da ta hau kan shatar ba ta da inganci, mai saye zai fara tambaya kafin ya biya, dillali kuma zai rasa wanda zai sayar wa kwari.